Siranta daban, rama daban

Wata 'yar'uwa daga Rigasa ta aiko da tambaya: "Shekarata 24, wata tara da aurena. Tun ina yarinya siririya ce ni. Nauyina kilo 47, tsayina mita 1.60, kuma kusan haka nake tun ina sakandare. Lafiyata ƙalau, ina cin abinci. Amma duk taron da na shiga sai an tanka: wai aure bai karɓe ni ba, wai ko maigida ba ya ciyar da ni. Wata ma a gidan suna ta tambaye ni ko na yi gwaji. Uwar mijina ta ce da wannan jikin ina zan ajiye ciki. Yanzu ƙawata ta kawo min maganin ƙiba, na ruwa a kwalba da wasu ƙananan ƙwayoyi a leda. In sha? Kuma yaya zan yi da bakin mutane?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin komai ki ƙulle ledar nan, ki haɗa da kwalbar ki ɗora su can saman kwaba. Kada ki sha ko ƙwaya ɗaya sai kin kai ƙarshen wannan amsa. Za mu dawo kansu.

Na daɗe ina aikin ba da shawara kan abinci a wani asibiti a nan Kaduna, kuma masu irin tambayarki ba baƙi ba ne a ɗakina. Yawancinsu ma turo su ake yi, ko uwa, ko yaya, ko uwar miji. Abin da nake fara yi da su shi zan fara da ke, wato raba kalmomi biyu da Bahaushe ya riga ya raba tun kafin a kawo sikeli ƙasar nan. Akwai siriri, akwai ramamme. Siriri haka Allah ya ƙera shi. Ramamme kuwa yana da jikin da ya fi wannan, wani abu ya zo ya zaftare. Shi ya sa rama take da ranar farawa, za ki ji ana cewa tun bayan azumi, ko tun da ta yi zazzaɓin nan, ko tun rasuwar mahaifinta. Siranta ba ta da ranar farawa. Masu tanka miki sun cakuɗa biyun, kuma muddin ke ma ba ki tabbatar wa kanki wadda kike ciki ba, duk maganar da aka jefo za ta same ki. Wanda yake kokwanto a ransa shi magana take soka.

To mu yi lissafi da alƙaluman da kika bayar. Akwai ma'aunin da muke kira BMI: a ninka tsayi da kansa, sannan a raba nauyi da abin da aka samu. Naki 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, in aka raba 47 da shi sai a samu 18.4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa daidaitaccen nauyi na manya daga 18.5 zuwa 24.9. Kenan tazarar da ke tsakaninki da wannan layin ba ta kai rabin kilo ba. Ki shanye ledar fiya wata guda ki hau sikeli, kin tsallaka. Wannan shi ne girman matsalar da ake tara miki jama'a a kanta a gidan suna. Kuma shi kansa ma'aunin bai san ƙirar ƙashin mutum ba, bai san danginsa ba. Ki dubi matan Fulani da ke shigowa gari da ƙwaryar nono a ka, su yini suna zagaya unguwanni da ƙafa, su koma ruga da yamma. Da yawansu in an hau da su sikeli ba za su wuce ki ba, amma wace mai ƙiba ce a cikin masu yi miki magana za ta iya rabin tafiyarsu?

Gado yana da hannu sosai a nan. A 2019 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin Farfesa Sadaf Farooqi, sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi kan sirara masu lafiya su fiye da 1,600, waɗanda ba ciwo ne ya ramar da su ba, ba kuma ƙin abinci suke yi ba. Sun gano cewa siranta ana gadonta kamar yadda ake gadon ƙiba, kuma mafi yawan mutanen akwai sirara a danginsu. Ki ɗauko hotunan mahaifiyarki ko gwaggonninki lokacin suna kamar shekarunki. Sau da yawa amsar tana can.

Sai dai ba zan sallame ki da "lafiyarki ƙalau" daga nesa ba, don ban gan ki ba. Ga abin da yake sa mu ɗaga gira a asibiti. In mutum ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara ba tare da ya nema ba, wannan rama ce, sai an bincika. A jikinki wannan kilo biyu ne da 'yan kai. In ba ki da sikeli, siket ɗin lefenki ma sikeli ne: wanda aka ɗinka daidai ƙugunki wata tara da suka wuce, yau yana zamewa? Sannan a dubi abin da ke rakiyar ramar. Tarin da ya kai mako biyu, da zufa cikin dare, da zazzaɓin yamma, wannan tarin fuka muke fara nema, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana shan magani wata shida a warke. Cibiyar horarwa ta ƙasa kan wannan ciwo ma a jiharmu take, a Saye kusa da Zariya. Ƙishirwa marar ƙarewa da yawan fitsari, har ki tashi sau uku sau huɗu cikin dare, sukari ne abin dubawa. Ci kamar gara amma jiki na zubewa, ga bugun zuciya, ga rawar hannu, ga jin zafi lokacin da kowa ke neman bargo, wani lokaci da kumburin wuya, wannan ƙullutun maƙogwaro ne da ake kira tayirod yake aiki fiye da kima. Akwai gudawa mai daɗewa, akwai olsa mai sa mutum tsoron abinci, akwai tsutsar ciki, akwai ƙarancin jini. Ɗaukewar al'ada wata uku a jere ba tare da ciki ba ita ma alama ce.

Akwai kuma wanda ba ya fitowa a gwajin jini, kuma a wurin amare na fi ganinsa. Yarinya ta taso a gidan da ake zuba abinci a faranti ɗaya su biyar suna wawaso, yau an kai ta ɗaki ita kaɗai, maigida ya fita tun safe sai dare. Ta girka, ƙamshin ya cika mata ciki, ta sha shayi ta kwanta. In kuma gidan gandu ne, kunyar surukai ta hana ta ƙara loma. Wata kuma damuwa ce ta gaske: barci ya ƙaurace, kuka ba dalili, abin da take so da can ya fita a ranta. Wannan ciwo ne mai magani, likitan asibitin unguwa zai iya farawa, in ya cancanta a tura ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Ke kika san ko akwai wani abu cikin waɗannan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shawarata ki je sau ɗaya, ko asibitin Yusuf Dantsoho a Tudun Wada tunda ya fi kusa da ke, ko Barau Dikko, ko duk wanda kika saba. A auna ki, a duba yawan jini, da sukari, a yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, in likita ya ga dalili ya ƙara da na tayirod ko na majina. Na san an yi muku gwaji kafin ɗaurin aure, amma maimaitawa ba ta da tsada, a wurare da yawa ma kyauta ce. Ba don wadda ta tambaye ki a gidan suna za ki yi ba. Don ranar da wata za ta sake tambaya, ya zamana ko gezau zuciyarki ba ta yi ba.

Yanzu bakin mutane, wanda na san shi ya fi ci miki rai.

Abin da zai rage miki zafi shi ne ki gane cewa a wurinmu jikin matar aure kamar takardar shaida ake karanta shi. In amarya ta yi ɓulɓul sai a ce aure ya karɓe ta, hutu ya zauna, wane ya iya kiwo. In ba ta ƙara ba, sai a fara lissafi: ko babu cefane, ko babu kwanciyar hankali, ko akwai ciwo. Wannan tunani yana da asali. Iyayenmu da kakanninmu sun ga yunwa da idonsu, sun ga fari na shekarun 1973 da 1974, sun ga yadda tarin fuka ke cinye mutum yana zaune. Daga baya ƙanjamau ya zo, ciwon da sunansa ma daga ƙanjamewar jiki muka raɗa masa. A idon wadda ta rayu cikin wannan, tsoka alama ce ta tsira. Don haka jimla ɗaya, "kin rame", tana fitowa daga bakuna huɗu da ma'ana huɗu, kuma kuskure ne ki ba su amsa iri ɗaya.

Mahaifiyarki in ta ce kin rame, tambaya take yi wadda kunya ta hana ta yi kai tsaye: lafiya kuke zaune? Yana kyautata miki? In kika amsa mata da lissafin kilo, ba ki amsa ba. Ki zauna kusa da ita ki ce, "Umma, wallahi lafiya lau muke, ba abin da na nema na rasa. Jikin ne irin na su Gwaggo." In ta ji wannan daga bakinki, kuma ta ga fuskarki a sake, rabin maganar ya mutu.

Uwar miji kuwa nata ya fi sarƙaƙiya, don sirantarki a wurinta zargi ne a kan ɗanta. Duk wadda ta gan ki a biki ta ce "matar wane ce wannan?", ita take jin an zaga. Shi ya sa take riga kowa faɗa, don a san ba daga gidansu ba ne. Wannan ba faɗanki ba ne, kuma in kika ɗauke shi da kanki za ki faɗi ko da ke ce da gaskiya, don za a bar maganar jiki a koma maganar rashin kunya. Naki a gabanta bai wuce murmushi da "To Hajiya, a ci gaba da sa mu a addu'a" ba. Sauran aikin na maigida ne. Ki same shi lokacin da yake cikin nishaɗi, ba da dare bayan kin dawo daga gidansu da kuka ba, ki gaya masa abin yana damunki, kuma ki nuna masa cewa sunansa ne ake ja a ƙasa. Shi zai je ya ce wa mahaifiyarsa, su biyu kawai, "Hajiya, na kai ta asibiti an duba komai, lafiyarta ƙalau, haka halittarta take. Ni kuma haka na gan ta na ce ina so." Na ga gidajen da wannan magana guda ta kashe zancen da aka shekara ana yi. Abin da nake yawan ja wa maza kunne a kai kenan: namiji ya yi shiru ana yi wa matarsa gori a kan jikinta, shirun nan ana ɗaukarsa a matsayin amincewa.

Game da "ina za ki ajiye ciki", ki kwantar da hankalinki. Mahaifa ce take ɗaukar ciki, kuma faɗin ƙashin ƙugu ne yake ba jariri hanya, naman da ke lulluɓe da shi ba ya ƙara masa faɗi ko kaɗan. Haka girman mama ba shi ne yawan ruwan nono ba. Wata tara ba ciki ba jinkiri ba ne; likitoci ba sa fara bincike ga mace mai shekarunki sai an cika wata 12, kuma in an tashi binciken mata da miji ake dubawa tare. Inda Hajiya take da ƙamshin gaskiya shi ne, macen da ta shiga ciki da ƙarancin nauyi sosai ta fi fuskantar haifar jariri ƙasa da kilo 2.5. Shi ya sa in Allah ya kawo rabo ake son irinki ta ƙara wajen kilo 12 da rabi zuwa 18 kafin haihuwa, ta fara awo da wuri, ta kuma riƙe ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa. Ƙwayar folik asid ma tun yanzu ya kamata ki fara, kafin cikin ya shiga.

Sai abokan wasa: taubasai, kakanni, ƙannen miji. Waɗannan al'ada ta ba su lasisi. In kakarki ta ce iska za ta ɗauke ki, ko taubashinki ya kira ki tsinken sakace, fushi ne abincinsu, in kika ɓata rai kin ba su na gobe. Ki rama da dariya. "Ni ai yadi uku ya ishe ni, ke sai an ƙaro turmi." Ko ki ce wa tsohuwar kishi take yi, don angonta ya fi son 'yan ƙwalisa. In wasan ya wuce gona da iri, akwai lokacin da za ki ja mutum gefe ki ce, "Wannan wasan ba na jin daɗinsa, a canza wani." A gefe, ba a cikin taro ba. Mafi yawan mutane ba su san suna ciwo ba sai an faɗa musu.

Na huɗu su ne irin ta gidan suna. Wadda za ta tambayi mace a gaban jama'a ko ta yi gwaji ba lafiyarta ta dame ta ba. Mai son lafiyarki a ɗaki take tambaya, da murya ƙasa. Irin wannan ba ta cancanci bayani ba, kuma duk bayanin da kika yi ƙarin itace ne a wutarta. Ki dube ta ido cikin ido, ki ce "Alhamdu lillahi, lafiya lau. Ya yara?", ki juya ki ci gaba da hirarki. In ta nace, tambaya ɗaya tak: "Me ya sa kika tambaya?" Sai ki yi shiru ki bar ta da amsar. Za ki ga tana kame-kame, don abin da take nufi ba ya faɗuwa a fili. Kada ki rama da gorin ƙibarta ko da kalmar tana bakin harshenki, domin daga ranar kin halatta abin da kike ƙorafi a kai.

In kuma kina neman abin da za ki riƙe a zuciya, ki tuna Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya ƙara masa yarda. Siriri ne. Wata rana ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska ta kaɗa, sahabbai suka ga sirantar ƙwaurinsa suka yi dariya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye su abin da suke wa dariya, sannan ya rantse cewa ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Abin da nake lura da shi a wannan ƙissa shi ne ba Ibn Mas'ud ne ya kare kansa ba, babban da ke wurin ne ya tsawatar. Ki ba maigida labarin.

To mu sauko da ledar nan.

Maganin ƙibar da ake kira sha-ka-fashe galibi haɗin magani biyu ne. Na ruwan yawanci yana ɗauke da saiproheptadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi ne da borin jini, buɗe ciki kawai wani ɓangare ne na tasirinsa. Yana sa barci mai nauyi da kasala da jiri, kuma an samu waɗanda ya taɓa musu hanta. Wani nau'insa mai suna Apetamin har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023. Wannan shi ne mai sauƙin. Ƙananan ƙwayoyin su nake tsoro, don sau da yawa deksametason ne, wanda 'yan kemis ke kira deksa. Magani ne mai daraja a hannun likita, ana ceton rai da shi. Amma kwaikwayon wani sinadari yake yi mai suna kotisol, wanda wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda suke samarwa, kuma ya ninka shi ƙarfi kusan sau 25.

Ƙibar da yake bayarwa ta jabu ce. Yana tara ruwa da gishiri a jiki, ya kwashe kitse ya jibge a fuska da ƙeya da tumbi, a lokaci guda yana cinye tsokar cinya da damtse. Cikin 'yan makonni kumatu sun cika, kowa na cewa masha Allah, aure ya karɓe ta. Bayan wasu watanni sai ki ga fuska kamar faifai, ciki a gaba, ƙafafu sun fi da sirancewa, ga nankarwa jajaye masu faɗi a ciki da cinya waɗanda ba sa gogewa, ga ƙuraje, ga gashi a haɓa. Wato ainihin wuraren da aka sha maganin dominsu su ne suke zubewa. A ciki kuma hawan jini, da ciwon sukari, da rikicewar al'ada ga mai neman haihuwa, da ƙashi mai rauni. Akwai waɗanda kan ƙashin cinyarsu ke mutuwa har sai an yi aiki. Yana kuma kwantar da garkuwar jiki. Ki duba wannan da kyau: in da a ce ramar mutum ta tarin fuka ce bai sani ba, deksa zai ɓoye zazzaɓin, ya cika kumatun, ciwon kuma ya samu fili yana cin huhu. Garin neman ƙiba a samo rama, wannan karin maganar kamar don shi aka yi ta.

Na taɓa zama da wata yarinya da ba ta kai shekarunki ba, ta fara sha wata uku kafin bikinta don kayan lefe su zauna mata, ta ci gaba bayan biki don kada a ce ta zube. Sukari ne ya kawo ta wurinmu. Da na tambaye ta wa ya fara ce mata ta rame, sai ta yi shiru, can ta ce ba ta ma tuna ba. Ita dai ta san ana faɗa. Waɗanda suka faɗa ɗin kuwa ko ɗaya ba ta rako ta asibiti ba.

Ƙawarki ba mugunta ta yi miki ba, mai yiwuwa ita ma sha take yi. In haka ne, ko in ke ma kin riga kin fara ba ki faɗa ba, ga abu mafi muhimmanci: wanda ya sha deksa kullum fiye da mako uku ba ya dainawa rana ɗaya. Jiki in ya ga ana kawo masa daga waje sai ya rufe nasa injin, in aka yanke kwatsam jini na iya faɗuwa, da amai, da suma, har rasa rai. A hankali likita yake rage shi. Ku ɗauki ledar yadda take ku kai asibiti, a faɗi gaskiyar tun yaushe aka fara da guda nawa ake sha. Haka duk wani garin haɗi ko tsumi da aka ce na ƙiba ne, wanda babu jerin abin da ke ciki kuma babu lambar NAFDAC: in yana cika fuska cikin mako biyu, ki zargi an daka ƙwaya a ciki, don abinci ba ya wannan saurin.

Saura tambaya ɗaya, kuma ke kaɗai za ki amsa ta. In da babu mai magana, ke kina son ƙarin jiki? In a'a, kin gama, ki nemi tela mai hankali wanda zai daina ɗinka miki buhu da sunan rufa asiri. In kuwa e, kilo uku zuwa biyar ba laifi ba ne, ga mai shirin ɗaukar ciki ma ajiya ce mai kyau. Hanyarsa ƙarin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, 300 zuwa 500 a kullum a kan abin da kika saba, kuma ba a tuwo za ki neme su ba, don cikin siriri ba ya ɗaukar malmala uku. A abinci mai ƙaramin jiki da nauyin amfani ake nema. Gyada gram 100 tana da kalori fiye da 550, cokalin cin abinci ɗaya na mai kuwa wajen 120. Kenan kunun gyada mai kauri da madara da safe, da ƙwai ko ƙosai. Da hantsi dabino da gyada ko kantun riɗi. Fura da nono mai kyau da la'asar, amma a tabbatar an dafa madarar kafin a yi nonon. Awara, alale, ɗanwake da mai da ƙwai, wake da shinkafa, miyar taushe da aka ji gyada, ɗan man shanu a kan tuwo, kunun aya da kwakwa, fiya in lokacinta ne. Duk wannan Kasuwar Barci ko 'yar kasuwar unguwarku ta ishe ki, kuma kuɗin bai kai na kwalaben da za ki riƙa saye duk mako ba. Ki ci sau biyar ko shida kaɗan-kaɗan maimakon sau biyu da yawa, ki bar ruwa da shayi sai bayan kin gama ci. Lemon kwalba da cincin za su ƙara nauyi, amma a tumbi da haƙori za ki biya. In kina son naman ya tafi cinya da ƙugu, sai kin ba tsokar wurin aiki: tsugunna-tashi da hawan bene, sau uku a mako, a cikin ɗakinki ma ya isa. Kuma in akwai hali kada ki riƙa ci ke kaɗai. Ko 'yar maƙwabta ki kira ku sa hannu tare.

Kada ki sa ran abin mamaki. Kilo ɗaya zuwa biyu a wata shi ne tafiya mai kyau, kuma masu siranta ta gado wani lokaci ko wannan ba sa samu, jikinsu ƙone ƙarin yake yi. Ki riƙa hawa sikeli sau ɗaya a wata, sikeli guda, da safe kafin karin kumallo, ki rubuta a takarda da kwanan wata. In bayan wata uku lambar tana nan ko ta ɗan hau, shi kenan. In tana sauka alhali kina ci, ki ɗauki takardar ki koma wurin likita.